Ƙugin Lasifika Ranar Saukar Inna Gaji

Akwai wani mutum da aka yi a Dutse, can unguwar Takur, ana ce masa Yahuza mai lasifika. Shi dai ba ya son wannan sunan. Injiniya yake so a ce, in kuwa ka kira shi da sunansa tsurarsa a gaban jama'a, sai ya yi kamar da wani kake.

Aiki kam ya iya, wannan ba za a ƙwace masa ba. Tun da Dutse ta zama hedikwatar jiha ta fara cika da ma'aikata, ya tattaro ya dawo daga Kano da amfilifaya biyu, da manyan sifiku huɗu, da kyamarar bidiyo irin wadda ake saɓawa a kafaɗa. Taro in dai babba ne, shi ake nema. Matsalarsa ɗaya ce. In ya faɗi magana a kan waya, to ta zauna ke nan, ko da kuwa wayar tana hayaƙi.

Da aka shigo shekarun Shari'a, aka daina cakuɗa maza da mata a wajen taro. Maza a ƙofar gida, mata a ciki. Masu lasifika da yawa kasuwarsu ta ja baya, amma Yahuza sai ya fito da wata dabara. Ya kafa kyamara a waje tana ɗaukar malamai, ya ja doguwar waya ta kan katanga zuwa talabijin a cikin gida, mata na zaune a tsakar gida suna kallo suna ji. Ya kuma tsallaka musu da makirufo, in mace za ta yi magana maza su ji ta lasifika ba tare da an gan ta ba.

Mutane suka yi ta yabo. Yabon nan kuwa shi ya ƙarasa lalata shi.

To, Yahuza yana da uwa, Inna Gaji, tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya. 'Yar malami ce daga wani ƙauye a ƙasar Jahun, amma mahaifin nata maza kawai ya zaunar a gaban allo. Ita tana jin karatun ne daga bakin turmi. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan ɗanta a Takur, nan ta shiga makarantar matan aure ta Malam Falalu.

Shekara shida tana zuwa. Tabarau ɗaure da zare, yatsa a kan layi, yau ta riƙe gobe ta manta, jibi ta koma baya. 'Yan matan amare suna wuce ta, ba ta fasa ba. Har Allah Ya sa ta haɗa izu sittin.

Aka sa ranar walimar sauka, mata goma sha biyu, kowacce za ta karanta 'yan ayoyi a ji.

Inna Gaji ba ta nemi sabon zane ba, ba ta nemi a yanka mata komai ba. Abu ɗaya ta nema. Ta aika Jahun a gaya wa yayanta Malam Barau, wanda idanunsa suka riga suka tafi, cewa tana so ya zo ya ji da kunnensa. Shi ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka zauna gaban mahaifinsu. Tsohon ya aiko cewa ko a kan gado za a ɗauko shi, zai zo.

Yahuza kuwa ya tafi wajen Malam Falalu ya ce taron da uwarsa ke ciki babu hannun da zai taɓa waya sai nasa, kuma kyauta zai yi. Ya ƙara da cewa talabijin ɗin da ya saba kaiwa taro ta yi ƙanƙanta, a fito da babbar nan ta gidan Malam a ajiye wa mata a rumfa.

Ana gobe walima, da la'asar, ya kafa kayansa a ƙofar gidan Malam Falalu, inda za a yi taron, ya gwada. Murya tas, kamar mutum na magana a kunnenka. Ya jefa wayoyi biyu ta kan katanga, ɗaya ta makirufo, ɗaya ta talabijin. Bai shiga ciki ba, don gidan ya cika da mata ana ta aikin abinci. Ya dai bar sallahu cewa da safe a sami wata ta cusa wa talabijin wayar, rawaya a ramin rawaya, fara a ramin fara.

Gari ya waye. Wajen ƙarfe tara mota ta tsaya, aka fito da Malam Barau ana riƙe da hannunsa. Ɗansa Ɗanladi ne ya kawo shi, kuma shi ya taho da janaretan da za a yi aiki da shi. Ɗanladi taubashin Yahuza ne, tun suna yara ba sa haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba.

Aka zaunar da tsohon a kujerar gaba, dab da sifika, kamar yadda ya roƙa.

Aka ta da janareta, Yahuza ya kunna amfilifaya. Sai wani ƙugi ya taso daga sifikun nan huɗu, buuuu, mai kauri, mara yankewa, irin wanda kake ji har a haƙoranka.

Ɗanladi ya leƙa bayan sifika ya ce, "Injiniya, saniya ka ɗaure a cikin akwatin nan?"

Yahuza ya ce janaretan ƙauye ne aka kawo masa, wutarsa ba ta da tsabta. Ɗanladi ya ce wannan janaretan ya yi tafsirin azumi uku a Jahun bai taɓa yin kukan saniya ba, sai yau da ya haɗu da kayan birni.

Yahuza ya canja makirufo. Ƙugi na nan. Ya canja amfilifaya ya sa ta biyun. Ƙugi na nan. Ya janye sifiku nesa da juna, ya murɗa wannan ya murɗa wancan. Jama'a sun fara cika tabarmi, kowa ya zauna sai ya juyo ya dube shi. Zufa ta fara bin wuyan sabuwar rigarsa.

Da haushi ya kama shi, ya ɗaga hannu ya kai wa amfilifayar mari. Nan take ƙugin ya ɗauke. Wuri ya yi tsit.

Ya juyo yana gyara hula, ya dubi Ɗanladi ya ce, "Ka gani? Abin a hannu yake."

Bai rufe baki ba ƙugin ya dawo.

Ɗanladi ya ce, "Ƙara mata wani, wataƙila ba ta ji na farkon da kyau ba."

'Yan layin gaba suka yi dariya. Dariyar nan ta yi wa Yahuza zafi.

Ana cikin haka Malam Falalu ya yafito shi, ya ce wata daga cikin ɗalibai tana son magana da shi a zaure. Suka shiga tare. Matar tana tsaye a bayan labulen ƙofar ciki, ba a ganin komai sai gefen hijabinta.

Luba ce, matar wani direba mai jigilar Ringim, tana cikin masu saukar ranar. Za ta girme wa Yahuza da shekara bakwai ko takwas. Ko aji ɗaya na boko ba ta yi ba, amma da yake mijinta kullum yana hanya, duk abin da ya lalace a gidanta ita ke kwance shi ta ɗaura. Shi ya sa matar Malam ta ba ta aikin cusa wayar.

Ta gaishe su, sannan ta ce, "Injiniya, ina ganin daga wajenmu abin yake. Tun da na cusa wayarka a talabijin ƙugin ya fara. Ɗazu na zare ta in gani, ya yi shiru. Na mayar, ya dawo."

Sai Yahuza ya gane shirun da aka yi ɗazu ba marinsa ba ne.

Luba ta ci gaba da bayani a hankali. Ta ce talabijin ɗin a soket ɗin ɗakin Malam aka sa ta, wutar gida take ci, kayansa kuwa na waje janareta suke ci. Ga kuma wayar eriya har yanzu tana maƙale a bayanta, ta tafi can saman dogon ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Ta ce ita ma ta taɓa haɗa bidiyonta da babbar rediyo don sauti ya ƙaru, ya yi mata irin wannan kukan, ta yini tana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin ta gane. Kayan da waya ta haɗa su, in ba wuri ɗaya suke cin wuta ba, sai wutar wannan ta bi ta wayar hoto ta je ta yi karo da ta wancan, karon ne ake ji a sifika.

Ta ce, "Ka miƙo mana wayar wuta daga wajenka, in mayar da talabijin kanta, in zare eriyar. In bai yi ba, ba a yi asarar komai ba."

Ku ji inda mugun abin yake. Yahuza ya gane gaskiya ta faɗa. Tun kafin ta kai ƙarshe ya tuna cewa duk tarukan baya talabijin ɗinsa yake kaiwa, da wayar wutarsa, kuma ba ta da eriya. Ya tuna jiya da ya gwada, ba a haɗa talabijin ba. Ga naɗin wayar wuta can ƙarƙashin teburinsa, mai tsawon da zai kai har rumfar matan ya yi saura.

Amma sai ya hango kansa yana fitowa daga zaure, yana ɗaukar wayar nan yana jefawa ta katanga a gaban mutum ɗari biyu, kowa ya san mace ce ta gaya masa. Ya hango bakin Ɗanladi. Wannan labarin zai riga shi isa Jahun.

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Au, ashe ke ce kike ta wasa da wayoyin? Shi ya sa abu ya ƙi zama. Baiwar Allah, aikin cusa waya a rami aka ba ki, ba a ce ki zama injiniya ba. Ni Kano na je na koyo, ba a gindin murhu ba. Ki koma ki zauna, kada wanda ya sake taɓa min kaya."

Hayaniyar tsakar gida ta ɗauke. Ya san matan sun ji. Ya san uwarsa na cikinsu.

Luba ta ce, "To." Labulen ya motsa, ta koma.

Malam Falalu mutumin kirki ne, amma bai san waya ba, ya san dai mai kaya shi ya san kayansa. Ya leƙa ya ce wa matarsa a bar komai yadda yake, kada a sake taɓawa.

Aka buɗe taro da addu'a a cikin ƙugi.

Malaman da aka gayyato ba su sha wahala sosai ba. Masu wa'azin kasuwa ne, muryarsu ko babu lasifika tana kaiwa bakin titi. Suka yi ta ɗaga murya a kan ƙugin, ana tsintar abin da aka tsinta. Yahuza na zaune a bayan teburinsa yana murɗe-murɗen da ya san ba za su yi komai ba, don dai a ga yana aiki. Ƙafarsa na taɓa naɗin wayar nan, yana janye ta.

Aka zo kan ɗalibai. Malam Falalu ya riƙa kiran suna, mace ta karɓi makirufo a ciki ta karanta. Ta farko, ana jin kamar ana magana a cikin rijiya. Ta biyu haka. Mazajensu da 'ya'yansu suna miƙa wuya, suna kallon sifika, suna kallon Yahuza. Wani dattijo ya toshe kunne ɗaya da yatsa ko zai taimaka. Mata shida suka wuce a haka.

Kowacce ta wuce sai Yahuza ya ce a ransa, bari wannan ta gama in tashi. Sai kuma ya ce, ai in na tashi yanzu za a ce me ya hana ni tun ɗazu. Da haka da haka har ya ji Malam ya ce, "Malama Gaji."

Muryar tsohuwa ce, siririya, ga rawar fargaba. Ƙugin ya haɗiye ta ɗungurungum. Yahuza ya yi maza ya ƙara sauti, ƙugin ya ƙaru tare da ita har sifikun suna karkarwa. Ya rage, ta ɓace. Ya ƙara, mutane suka kama kunnuwansu.

Ya dubi kawunsa. Tsohon ya karkata har hularsa na gogar sifika, ya kafa tafin hannu a bayan kunne, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira.

Minti huɗu aka yi haka. Sai aka ji kabbarar mata ta tsallako ta kan katanga, alamar ta kai aya ta ƙarshe.

Malam Falalu ya kira suna na takwas.

Malam Barau ya laluba ya kamo hannun rigar Yahuza, ya jawo shi kusa, ya ce, "Ɗan nan, in an zo kan Gaji ka taɓa ni. Kada ta wuce ban sani ba."

Yahuza ya dubi Ɗanladi. Ɗanladin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, yau ya kawar da kai yana kallon takalminsa. Wannan shirun ya fi duk tsokanar da ya taɓa yi masa ciwo.

Ya sunkuya ya jawo naɗin wayar. Ya ratsa ta gaban malamai da baƙi da kowa, yana warware ta, har gindin katanga. Ya jefa kanta ciki. Sannan ya shiga zaure ya yi sallama, ya ce don Allah a yi masa magana da Yaya Luba.

Ta zo bayan labule. Ya ce, "Yaya, ga wayar can na jefo."

Ta ce, "Na gan ta."

Kafin ya fito daga zauren ya kai teburinsa, ƙugin ya ɗauke kamar an yanke shi da wuƙa. Muryar mace ta takwas ta fito tas, har ana jin numfashinta tsakanin aya da aya. Wani tsoho a baya ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Mutane suka dubi wayar da ke rataye a katanga, suka dubi Yahuza.

Ya lallaɓa ya durƙusa kusa da Malam Falalu, ya roƙe shi a asirce a bar Inna ta sake karantawa. Malam ya girgiza kai. Ya ce mata bakwai abin ya shafa, in ya maimaita wa ɗaya dole ya maimaita wa duka, ga azahar ta kawo jiki, ga wasu baƙi da suka zo daga Ringim suna da wani taron. Ya ce ba zai fifita uwar mai lasifika a kan sauran ba, alhali kowa ya ga yadda aka yi.

Gaskiya Malam ya faɗa. Yahuza ya koma ya zauna. Kawunsa na nan a karkace, yana jin ta tara, yana jin ta goma, yana gyaɗa kai, yana jiran a taɓa shi.

Ta goma sha ɗaya ta gama. Saura ɗaya. Malam ya ce, "Malama Luba."

A layi na biyu wani mutum ya gyara zama. Mijinta ne. Yahuza ya san shi a tasha. Ranar kasuwa ce, ranar da direba ba ya wasa da ita, amma ya ajiye mota ya sa farar shadda ya zo.

Aka ji ana 'yar muhawara ƙasa-ƙasa a kusa da makirufo, wata na cewa a'a, wata na cewa karɓi. Sannan muryar Luba ta fito, a sarari, ba rawa.

"Malam, a yi min izini. Na bar wa Inna Gaji layina."

Malam Falalu ya dubi mijin. Mutumin ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya gyaɗa.

Yahuza ya miƙa hannu ya taɓa gwiwar kawunsa.

Inna Gaji ta fara. Muryar na rawa a ayar farko, ta biyu ta daidaita. Ba ta da daɗin murya irin na 'yan makaranta, amma kowane harafi sai ta ajiye shi a wurinsa kafin ta ɗauki na gaba, kamar mai jera ƙwai a kwando. Leɓen Malam Barau ya kama bin ta. Mutumin da aka sani ba ya bari ɗalibi ya wuce wasali ɗaya a karkace, har ta kai ƙarshe bai gyara mata komai ba. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Da ta gama ya ce, ba da kowa yake ba, "Wannan fa daga bakin turmi ta faro shi. Allah Ya yafe mana."

Aka shafa fatiha, aka fito da abinci. Mutane suka yi ta zuwa suna yi wa Yahuza barka da saukar mahaifiyarsa, kowace barka kamar ana ɗora masa dutse. Mijin Luba ma ya zo ya ba shi hannu ya ce Allah Ya sanya albarka, ya wuce. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Yana naɗe wayoyi aka ce Inna na kira.

Ya same ta a zaure, an ɗage labule, mata cike da ƙofar ciki har baya. Shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ko kallonsa ba ta yi ba. Bango take kallo.

Ta ce, "Kai. A gaban matan nan ka yi, a gabansu za ka gyara."

Ya cire hula ya tsuguna, da sabuwar rigarsa a ƙasa. Ya ce Yaya Luba ta yafe masa, ya yi mata rashin kunya, ita ce da gaskiya. Ya ce gobe zai kwashi kayansa kaf ya kai ƙofar gidanta, ya kafa mata ita kaɗai, ta karanta maigidanta da 'yan'uwanta su ji.

Luba ta ce, "Maigidana gida ɗaya muke kwana, zai ji har ya gaji. Malam Barau ne ya taso daga Jahun da makanta. Kuma ba don kai na yi ba. Shekara shida muna tabarma ɗaya da Inna, na san abin da ta ci kafin ta kawo yau."

Ya ce haka ne.

Ta ce, "Zancen murhu kuwa bai dame ni ba, a gindinsa nake tun ina yarinya. Abin da ya dame ni, tun a zauren nan na ji a muryarka ka san gaskiya na faɗa. Ka sani, ka koma ka zauna."

Yahuza ya ji da ƙasa za ta buɗe da ya gode mata.

Ta ce ita ta yafe, duniya da lahira. Amma akwai mata shida da suka karanta kafin Inna, su ma shekaru suka yi suna jiran yau, su ma mutanensu sun zo, ba wanda ya ji su, kuma su babu wanda ya bar musu layi. Ta ce ga su nan tsaye.

Suka matso gaba. Ɗaya tana da tsohon ciki. Ɗaya ta kusa sa'ar uwarsa. Ɗaya idonta ya yi ja, da gani ta sha kuka.

Inna Gaji, har yanzu tana kallon bango, ta ce, "Ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka tambayi sunan kowacce."

Haka ya yi, a tsugune, hula a hannu. Biyar suka ce sun yafe. Mai jan idon ta dube shi ta ce mahaifinta tun asuba ya taho a keke daga ƙauye, kuma ya riga ya juya. Ta ce za ta yafe, amma ba yau ba.

Yahuza ya ce ta yi daidai.

Darasi: Rashin sani ba abin kunya ba ne, kowa da inda saninsa ya tsaya. Abin kunya shi ne a gaya maka gaskiya, ka gane ta, ka take ta don kawai ba ka son bakin da ta fito. Girman kai ba mai shi kaɗai yake cuta ba, waɗanda ba su ji ba su gani ba su ke fara ɗanɗana kuɗarsa, kuma ba kowace ɓarna ce "yi haƙuri" ke gyarawa ba. In an ba ka shawara, gwada ta kafin ka raina mai ita. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, musamman wanda kuka san in ya yi magana ba ya son a ƙara.